Ƙugiyoyin Baba

Baba ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi a gidansa na Gaya. Muka ce daga Allah muke, gare shi muke komawa, aka yi masa sutura aka kai shi kafin la'asar. Masu jana'iza na dawowa, ƙarya ta fara sallama a ƙofar gidanmu.

Ni ce 'yarsa ta fari. Ina aure a Ajingi, a can nake koyar da 'yan firamare, don haka ni aka zaunar kusa da Inna ina taya ta karɓar gaisuwa. Mace za ta shigo ta durƙusa ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya, sai ta karkata kai ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutum mai sanyin hali, ba ruwansa da kowa." Da farko na daure. Da abin ya yi yawa sai da Inna ta mintsine ni a cinya, don ta ga bakina ya fara motsi. Baba ba shi da sanyin hali ko na cikin cokali, kuma ruwansa da kowa. Ya yi faɗa da mai shayi, ya yi da mai gyaran janareto, ya yi da ladanin unguwarmu a kan ƙarar lasifika. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Idan aka bar masu gaisuwa, kafin arba'in sun ƙera wani salihin tsoho da ba a taɓa yi ba, na gaskiyar kuma ya ɓace.

A waje Baffa, ƙanin Baba, yake karɓar maza. Har da samarin gidan kallon ƙwallo suka zo a jere, kai a sunkuye, su da suka shekara suna kiran Baba Mai Aljana saboda wata waƙa da yake kunnawa a shagonsa. Ta zaure na jiyo ɗayansu yana cewa, "Allah ya sa Aljanna ce makoma," wani ya kasa riƙe dariya ya mayar da ita tari. Na san muryarsa, kuma ban yafe ba tukuna.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya a zaman nan, wata tsohuwa mai sayar da daddawa daga Toranke. Ta shigo da sandarta, ba ta ko durƙusa ba ta ce, "Kai, mutumin nan ya iya masifa! Allah ya gafarta masa. To yanzu wa zai kunna min matar nan?" Mata suka kalli juna. Ni kuwa a lokacin hawayena na farko ya zubo.

Washegari Gwaggo ta miƙo min wayarta in karanta mata sanarwar rasuwar da Auta, ƙaninmu na ƙarshe, ya watsa. Ga abin da ya rubuta: "Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Rayuwarsa ta kare a kan hidimar jama'a." Na karanta, na sake karantawa. Babu ƙugiya a kan k. Ƙare yake nufi, amma kare ya rubuta, mai haushi, mai jela. Na aika aka kira min shi soro.

"Kai, rayuwar wa ce ta kare?"

"Haba Yaya, ai kowa ya gane."

"Wayarka ba ta da ƙ ne?"

"Tana da ita, in an danne k. Sauri nake."

Ashe ya ma san inda take. Ina cikin yi masa faɗa na hango igiyar awo a aljihunsa. Ban tambaya ba, na gane. Shagon Baba da gidan kallon Auta bango ɗaya ne ya raba su, kuma ƙasar kabarin ba ta bushe ba ya fara auna bangon. A cikin shagon nan akwai tsohuwar kwamfutar Baba, ita kaɗai ce abin da nake so daga duk abin da ya bari.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili.

Baba mai buga tafireta ne a sakatariya tun kafin a haife ni. Tafiretar ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ, don wanda ya ƙera ta bai san muna duniya ba. Abokan aikinsa sukan buga su miƙa haka nan. Shi kuwa sai ya zare takarda, ya ciro biro daga bayan kunne, ya bi harafi harafi yana lanƙwasa musu kai, har kwafin da ke ƙarƙashin takardar kabon. Shugaba na jira, direba na hon, ko a jikinsa. Cewa yake, "Ƙugiya ba ado ba ce, haƙƙin harafi ce."

A gida ma ba mu tsira ba. Ina aji uku ya buɗe littafina ya ga na rubuta "aiki ya kare". Ya miƙe tsaye a tsakar gida ya ɗaga murya, "Ku rufe ƙofa, akwai kare a littafin yarinyar nan!" Yarinyar nan yake ce min, don ni ce ta fari, bai taɓa kama sunana ba har na yi furfura. Ranar ban ga tuwo ba sai da na cika shafi da ƙ, ƙannena na yi min haushi ta bayan rumbu. Na ƙi jininsa a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗe ban huce ba.

Da ya yi ritaya ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu, 'yar Turai, ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha. Akwatinta sai mutum ya rungume shi da hannu biyu. Kibod ɗinta mai nauyi ne, ya koma launin kunun gyaɗa don tsufa, in yana bugawa har titi ake jin ƙas-ƙas. Cikin ɗan lokaci ya san aikin kowane maɓalli, ban da guda uku da ke jere a sama ta hannun dama. An rubuta wa ɗaya SysRq, ɗaya Scroll Lock, ɗaya Pause. Ya danna, shiru. Ya danne da ƙarfi, shiru. Na tsakiyar ne kawai yake kunna wata 'yar koriyar fitila, in an sake dannawa ta mutu.

Maɓallan nan sun hana Baba sakat. Duk wanda ya shigo shagon da alamar boko sai ya tare shi. Malamin kwamfuta na sakandare ya ce na mutanen da ne. Wani mai yi wa ƙasa hidima ya ce kada ya kuskura ya haɗa su da wani maɓallin, injin zai ƙone, Baba ya haɗa a gabansa ba abin da ya ƙone. Wani ɗan garin Balan da ya dawo daga jami'a ya ce, "Baba, ai ba wanda yake taɓa su."

"To uban me suke yi a nan?"

"Haka aka ƙero shi."

"Tashi ka ba ni wuri. Kuɗin makarantarka da taki aka saya da gonar ubanka ta gode."

Ya sa musu suna 'yan zaman kashe wando. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, kwamfutar ma, da duk wayonta, ba ta da ƙugiya ko ɗaya. "Bature ya sami wurin ajiye 'yan zaman kashe wando har uku," in ji shi, "amma bai sami wurin ƙa da ɗa da ɓa ba." Rannan ya naɗe akwatin da kibod ɗin a zanen Inna, ya hau mota sai Kano, ya zauna a kan wani mai gyara har sai da ya yi masa dabara. Ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ya yanka 'yan takardu, ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da biro, ya manna a kan maɓallan uku da salatif. Daga ranar in ya danna, harafi ya fito da lanƙwasarsa. Ya sama musu aiki, amma bai taɓa sanin aikinsu na asali ba, kuma abin bai bar cinsa ba. A jinyarsa ta ƙarshe likita na duba shi da 'yar kwamfuta a hannu, ya kama masa riga ya tambaye shi. Likitan ma bai sani ba, Baba ya juya masa baya.

Waƙar kuwa a cikin akwatin ya tsince ta, mai kwamfutar na farko ne ya bar ta. Wata rana ya danna wani wuri bisa kuskure, sai wata mata ta ƙwalla ihu a shagon, ta ja shi sama, ta ƙara ja, ga goge da algaitu na binta. Mai shayi ya shigo a guje da ludayi a hannu, ya zaci naƙuda ce ta kama wata. Daga baya wata 'yar hidimar ƙasa ta gaya masa sunan abin ofera, wasan kwaikwayo ne da Turawa suke rerawa tun daga farko har ƙarshe, kuma ado suke ci su je su saurara. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kashe.

Da haka abin zai wuce, sai Auta ya roƙi ɗakin da ke jikin shagon ya zuba benci da talabijin. Duk Asabar da Lahadi daga azahar bangon nan sai ya yi ta rawa. Baba na tsakiyar buga wa mutum takarda sai a kwarma "Gol!" hannunsa ya zame. Ya sayo lasifika, ya jingina bakinta da bangon, ya nemo matar nan ya ƙure mata murya. Ina shagon ranar da Auta ya shigo yana gumi.

"Baba, dan Allah a ɗan rage, kwastomomi suna ƙorafi."

"Me suke kallo?"

"Ƙwallo ce, Baba. Duk duniya ita ake kallo."

"Ta ina?"

"Ta Ingila."

"Wannan ma daga can wajen take. Kai ka ɗauko Turawa masu gudu da gajeren wando, ni na ɗauko masu tsayawa wuri ɗaya da suturarsu. Wa ya fi wani?"

"Baba, ka leƙa ka ga benci, har ta taga ake kallo. Taka fa, wa yake ji duk Gaya da Ajingi?"

"Ni."

"Kai kaɗai."

"Ni kaɗai ɗin ba mutum ba ne?"

A wajen yawa Auta ya fi shi gaskiya, ba sai an ƙirga ba. Daga Kademi har Toranke yaro zai jero maka 'yan wasan Turai har da na benci, ka tambaye shi sunan kakan ubansa ya tsaya sosa ƙeya. Amma Baba ma mugu ne in ya so. Janareto ɗaya suke sha, kuma nasa ne. Wata Asabar ya kasa kunne har ya ji an yi tsit ana jiran bugun fanareti, ya zagaya ya kashe, ya ce mai yake dubawa. Saura kaɗan a ɓalle masa ƙofa. Da safe aka tarar an rubuta masa da gawayi a jikin shago, "barawon wuta". Ya tsaya ya karanta, mutane sun taru suna jiran ya fashe. Ya sunkuya ya tsinci guntun gawayin, ya lanƙwasa wa b ɗin kai, ya ce, "In za ku zage ni, ku zage ni daidai." Ya buɗe shagonsa ya shiga, kuma bai bari an goge ba har damina ta wanke.

Ban san ranar da gayya ta koma so ba. Na dai fara tarar da shi ranar da babu wasa, ya rage murya, ya jingina kai da bango yana jin matar nan, ba ya gane ko kalma ɗaya. Wani malami ya yi masa nasiha a kan kiɗa, ya ce ya ji, ya ci gaba. A nan tsohuwar Toranke ta shigo labarin. Wata ranar kasuwa ta fake wa rana a bakin shagon da ƙwaryar daddawarta, ta tsaya tana saurare, can ta ce, "Malam, wannan ɗanta ne ya mutu."

"Ke kin iya yarensu ne?"

"Ban iya ba. Amma na binne nawa, na san kukan."

Baba, wanda ba ya barin kowa ya zauna masa a shago ba aiki, ya tashi ya jawo mata kujerarsa. Daga nan duk ranar kasuwa in ta sayar ta biyo, ya kunna mata ba tare da ta roƙa ba, ya ce kowa ya jira. Ta ji, ta share ido da bakin mayafi, ta ce masa har yanzu bai iya gaisuwa ba, ya ce mata daddawarta ta cika gishiri, ta tafi. Masu jin ofera a ƙasar Gaya suka zama biyu.

Bayan addu'ar bakwai na tsaya a gaban Baffa, Auta na zaune, na ce ba na son tabarma ko buta, kwamfutar nake so. Baffa ya ce wannan ai ba abin magana ba ne, in ɗauka. A kan babur zan koma Ajingi, akwatin ba zai hau ba, sai na cire kibod ɗin na rungume, na ce wa Auta zan turo mota.

"To, Yaya. Ba damuwa."

Ranar da na dawo da motar na tarar ba bango. Benci ya miƙe tun daga ƙofar Auta har inda teburin Baba yake, an shafe wurin da shuɗin fenti. Na ce ina akwatin.

"Wane? Au, wannan. 'Yan jari bola sun wuce na ba su, ya tare hanya. Ai kin ɗauki mai ƙugiyar, Yaya. Sauran ƙarfe ne kawai."

Na zage shi zagin da ban san na iya ba, har Gwaggo ta ce in ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne. Na ce gidan rasuwar ne aka fasa wa bango. Mijina ya bi 'yan jari bolar har matattararsu, ya tarar an riga an farfasa an loda.

Na lallashi kaina da cewa waƙar ta tafi, amma ƙugiyoyin suna hannuna. Na kai kibod ɗin wajen wani mai gyara a Gaya, don bakin wayarsa irin na da ne, ba ya shiga kwamfutar makarantarmu. Ya nemo mahaɗi ya jona. Na sa yatsa a kan ƙ ɗin da Baba ya rubuta da hannunsa, salatif ɗin har ya yi baƙi, na danna. Shiru. Na danna ɓ, shiru. Na danna ɗ, 'yar koriyar fitilar nan ta kama.

"Hajiya, ai ba a nan suke ba," in ji mai gyaran. "Dabarar a cikin akwatin aka yi ta. Wannan kibod ne kawai."

"To waɗannan ukun mene ne aikinsu?"

"Wallahi ban sani ba. Ba wanda yake taɓa su."

Sun koma zaman kashe wandonsu. Na naɗe kibod ɗin a mayafina, na fito ban ko yi masa sallama ba.

Asabar ce, bayan la'asar. Ƙafata ta kai ni tasha ba da shawarata ba. A bakin tsohon shagon na ga tsohuwar Toranke tsaye da ƙwaryarta tana leƙen samari, ta gan ni ta ce, "'Yar nan, ina matar?" Na ce an sayar da ita da kilo. Ta dube ni ta ce, "To," ta juya.

Ni kuwa na kutsa ciki, matar aure da hijabi a tsakiyar ƙarti, ana tsaka da wasa. A ƙarƙashin talabijin, a bangon da ba a rushe ba, daidai inda Baba yake jingina kai, Auta ya manna babban hotonsa, wai don tunawa. A ƙasan hoton an buga maganar nan da manyan baƙaƙe, yadda ya rubuta ta a waya, ba a gyara ko ɗigo ba. Na tsallake ƙafafu na je gaban talabijin na tsaya. Aka fara ihu, "Hajiya, ki matsa! Hajiya, kin tare!" Wani ya jefo ledar ruwa. Na ciro biro daga jakata, na dafa bango, na lanƙwasa wa k ɗin nan kai, na bi na sake bi har ta fito baƙi ƙirin. Ina cikin yi aka ci ƙwallo a bayan kaina, ba wanda ya gani, ɗakin ya ɗauki salati da zagi.

Auta ya taso a guje. "Yaya, me kika yi haka? Me kika yi?"

"Ubanka na cire daga cikin karnuka."

Na mayar da birona na fita.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da faɗansa da taurin kansa, ba mu ce maka salihi ba ne. Ka gafarta masa janareton da ya kashe, ka gafarta masa tuwon da ya hana ni, ka yalwata masa kabari, ka nisanta shi da hayaniya. Masu cewa ba ruwansa da kowa su riƙe gaisuwarsu. Rayuwar Baba ta ƙare, da ƙugiya.